Sharhi kan kakakin tagulla da na busa a hawan Sallar bana a Garwa

Duk shekara in Lamido ya fito hawan Sallah a Garwa ta ƙasar Kamaru, mabusa kakaki da algaita ne ke share masa hanya, kuma a nan ake gane kayan kowa. Bana na ajiye tsohon kakakina na kwano, na shiga fili da sabo na tagulla da wani maƙerin fari ya ƙera mini.

Maganar gaskiya, muryarsa ta biya kuɗinsa. Kakaki ba shi da ramukan yatsu irin na algaita, sauti biyu kawai yake bayarwa, sauran aikin na leɓe ne da huhu. Don haka in ƙarfen bai da kyau, babu dabarar da za ta rufa maka asiri. Na kwano yana da kaifi amma muryarsa siririya ce, da dawakai sun fara sukuwa ganguna sun ɗauka sai ta ɓace. Wannan kuwa, ko a tsakiyar ƙura da harbin bindigogin gargajiya, "ga shi, ga shi" ɗinsa na fita da kauri. Baffana, wanda a hannunsa na koyi busa, ya karɓa ya gwada sau ɗaya, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, wannan na ƙofar sarki ne." Daidai ya faɗa, domin tun zamanin Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kakaki kayan sarauta ne, ba a busa wa talaka komai kuɗinsa.

Amma yana da nauyi. Abu ne da ya haura mita 2, kana ɗaga bakinsa sama kana tafiya, kafin a isa fada kafaɗa ta yi tsami. Ga ranar Garwa, tagulla na saurin ɗaukar zafi, dole na naɗe wurin riƙo da ƙyalle. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mahaɗar da ake zura gaɓa cikin gaɓa: ta yi sako-sako, iska na tsiyaya, sai da na ɗaure ta da zare. Maƙerin ya gyara da dalma bai karɓi ko dala ba, sai dai aikin jaka arba'in bai kamata ya bar maƙera haka ba.

Yaro mai koyo ya zauna da na kwano tukuna har ƙirjinsa ya buɗe. Wanda ya riga ya ƙware kuma ya sayi na tagulla, amma ya haɗa shi a gaban maƙeri, ya toshe ƙarshensa da tsumma ya hura, ya ji ko iska na fita, kafin ya ƙirga kuɗi.