Wane inji ne zai riƙe maka danshi? Shawara ga mai son ƙyanƙyasar ƙwan agwagwa a Katsina

Duk wanda ya same ni a kan maganar injin ƙyanƙyasa, nakan fara tambayarsa ƙwan me zai zuba. In ya ce na kaza, kusan kowane inji mai lafiya zai fitar masa da 'yan tsaki a kwana 21. In ya ce na agwagwa, sai in ce ya gyara zama. Agwagwar gida da muka saba da ita, mai jan tsiro a fuska, ƙwanta kwana 35 yake yi. Irin na Turawa kamar Pekin da Khaki Campbell kwana 28 ne. Ga ta gida, mako biyar ke nan kana gadin zafi a kan digiri 37.5, kana kuma gadin danshi, a garin da hunturu ke busar da wanki kafin ka gama shanya na ƙarshe.

Hanya huɗu ce a gabanka. Uwar agwagwa da kanta ta fi kowane inji iya aikin, domin takan tashi ta yi wanka ta dawo da laima a gashinta, sai dai ba za ta kwanta ranar da kake so ba, kuma abin da za ta rufe kaɗan ne. Injin kananzir da masu walda ke haɗawa bai damu da wuta ba, amma zafinsa hawa da sauka yake yi, ba na ba mai ƙwan agwagwa shawararsa. Babban inji mai kama da firji, mai cin ɗaruruwan ƙwai, na mai gona ne da janareta, ka bar shi sai ka kai can.

Wanda nake so, kuma shi ne a ɗakina yanzu, matsakaicin inji ne mai fanka, mai aiki da wutar gida da kuma batir mai bolt 12, wanda ake zuba masa ruwa ta waje. Wannan zubin ruwa ta waje shi ne abin da na fi dubawa. Kwana uku kafin ƙyanƙyasa, wato rana ta 32 ga agwagwar gida ko ta 25 ga ta Turawa, za ka daina juya ƙwai, ka ɗaga danshi daga wajen kashi 55 zuwa kashi 70 ko 75, ka rufe murfi. Injin da sai ka ɗaga murfinsa kafin ka ƙara ruwa, a watan Janairu duk ɗagawa ɗaya iskar hunturu za ta kwashe abin da ka tara. Mai bututu kuwa, ka tsiyaya ruwa mai ɗumi da buta daga waje, shi ke nan. Ka duba kuma ƙasansa na da kwaruruka na ruwa aƙalla biyu ko uku, domin faɗin fuskar ruwa ne ke ba da danshi, zurfinsa kawai yana sa ya daɗe bai ƙafe ba. Da damina, musamman a Agusta, kwarin ruwa ɗaya kan isa, wani lokacin ma sai ka bar shi ba ruwa. Da hunturu nakan cika duka, in ƙara soso mai tsabta.

Sai majuyin ƙwai. Ka nemi mai sanduna masu birgima da ake matsawa a buɗa, kada ka ɗauki mai ramuka da aka yi wa ƙwan kaza. Ƙwan agwagwa ya fi girma, kuma ya fi son kwanciya a gefe. Jikin injin ya kasance mai kauri ko mai rigar kumfa, don in an ɗauke wuta da tsakar dare ya riƙe zafi kafin batir ya karɓa. Da bazara kuma, lokacin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ka tuna inji ɗumamawa kawai ya iya. Ka kai shi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, na ƙasa in akwai, nesa da taga da rufin kwano.

Abin da ya ƙone ni shi ne allon injin. Na farko da na saya yana nuna mini danshi kashi 60, ina ta murna, ashe ma'aunin ƙarya yake yi. Ranar ƙyanƙyasa 'yan agwagwa suka huda ɓawo, sai yanar ciki ta bushe ta naɗe su kamar leda, ina jin kukansu har suka yi shiru. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Don haka, ɗan'uwa, kada ka biya kuɗin inji ba tare da ka sayi ma'aunin danshi na daban ba, shi ma kada ka yarda da shi sai ka gwada. Ka cika murfin gora da gishiri, ka ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka rufe shi da ma'aunin a cikin roba marar shan iska, ka bar su su kwana. Da safe ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san duk karatunsa sai ka ƙara 7.

Shi ma ƙwan yana ba da shaida. Daga sawa zuwa ranar da za ka daina juyawa, ya kamata ya rage kashi 12 zuwa 14 na nauyinsa, wato mai giram 70 ya rasa wajen 9. In ba ka da sikeli, ka haska da tocila a duhu duk mako, ka zagaye gurbin iskar da ke faffaɗan kai da fensir. Ya ƙi girma, danshi ya yi yawa, ɗan zai kumbura ya shaƙe da ruwa. Ya yi girma da wuri, ka ƙara ruwa. Daga wajen kwana 10 nakan fitar da ƙwan ya sha iska minti goma zuwa sha biyar kullum, in fesa masa ruwa mai ɗumi, kwaikwayon abin da uwar ke yi.

Masu sayarwa kuwa, a yi hattara. Akwai mai ce maka injin yana cin 120, bai gaya maka ƙwan salwa ya ƙirga ba. Ka tafi da ƙwan agwagwa biyu a aljihu ka gwada a shagon. Akwai wanda aka rubuta wa yana daidaita danshi da kansa, alhali lamba kawai yake nunawa yana yin ƙara. In babu famfo ko abin tururi a jikinsa, kai ne mai daidaitawar. Akwai mai haɗa maka da batir da farantin sola da aka manna wa takardar ƙarfin da ba su da shi. Ka sa a jona injin a batir a gabanka, ka ga fanka da majuyi suna aiki, ka tsaya har zafi ya hau. Ka tambayi ko akwai kayan gyara a Katsina ko Kano, domin abin ɗumamawa da fanka su ne ke fara mutuwa. Wanda ke talla a Facebook yana neman kuɗi kafin ka ga kaya, na bar ka da hankalinka.

Cutar masu sayar da ƙwai ta fi ta masu inji yawa. Za a tara na mako uku a kwando a rana a ce na jiya ne, ko na garken da ba toro, ko a wanke shi ya yi kyau, alhali wankin ya cire maiƙon da ke kare shi. Ka saya a gidan da ka ga toron da idonka, ƙwan kada ya wuce kwana bakwai, in ya sha hanya a mashin ka bar shi ya kwana kafin ka zuba. Kada ka gauraya mai kwana 28 da mai kwana 35 a zubi ɗaya.

In ɗan ya huda, ka riƙe hannunka. Agwagwa ba ta da gaggawar kaza, takan yi awa 24 har zuwa 48 tsakanin huda da fita. Muddin yana motsa baki kamar mai tauna, gwaiduwa yake shanyewa. Sai in lokaci ya wuce, yanar ta koma ruwan ƙasa ta bushe, sannan za ka ɓare ɓawo kaɗan ta wajen gurbin iska, ka shafa ruwa mai ɗumi da auduga, kana kauce wa hancinsa. Ka ga jijiyar jini ko ɗigo ɗaya, ka mayar da shi inji ka ba shi awa uku ko huɗu kafin ka sake dubawa.