Jarrabawar Turanci don shiga jami'a daga sakandare: IELTS, TOEFL, PTE, Duolingo ko Cambridge?

Ɗalibin da ya kammala sakandare yana neman gurbin digiri na farko a Birtaniya, Amurka, Kanada ko Ostareliya zai tarar da wani sharaɗi wanda kyawun sakamakonsa a lissafi ko kimiyya ba ya ɗauke masa, wato ya kawo shaidar cewa zai iya fahimtar lacca, ya karanta littattafan fanninsa, ya rubuta aikin da malami zai duba, duk da Turanci. Jarrabawoyi biyar ne suka fi yawo a shafukan jami'o'i: IELTS, TOEFL iBT, PTE Academic, Duolingo English Test da kuma C1 Advanced ta Cambridge. Tun farko ina faɗa cewa na fi karkata ga IELTS Academic, kuma zan bayyana dalilina, amma akwai abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗin rajistar kowace daga cikinsu.

Jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon Turanci na takardar kammala sakandare, irin su IGCSE da IB, idan makin ya kai abin da suka ƙayyade, wasu kuma suna yafe jarrabawar ga wanda ya yi karatun sakandarensa gaba ɗaya da Turanci. Wannan sassauci ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, har ma daga sashe zuwa sashe a cikin jami'a guda, domin likitanci da shari'a da aikin jinya sukan nemi maki sama da injiniyanci. Saboda haka shafin kwas ɗin da ɗalibi yake nema shi ne abin karantawa, kuma idan an ce an yafe masa, to ya nemi a aiko masa da wannan magana a rubuce daga ofishin ɗaukar ɗalibai.

Ma'aunin da na fi ba muhimmanci na koye shi ne ta hanya mai ɗaci. Ƙanwata ta nemi wani kwas da aka ce yana buƙatar 6.5 a IELTS, ta zauna jarrabawar, ta sami 7.5 a sauraro, 7 a karatu, 6.5 a magana da 5.5 a rubutu, jimilla ta fito 6.5 daidai, muka yi murna har muka fara shirin tafiya. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne layi na biyu na sharaɗin, wanda ya ce kada wani ɓangare ya gaza 6.0. Rabin maki a rubutu ya sa ta rasa gurbin wannan shekarar, domin kafin ta sake zama wa'adin miƙa takardu ya wuce. Tun daga lokacin duk jarrabawar da zan auna, tambayata ta farko ita ce: idan ɓangare ɗaya ya faɗi, wace hanya ɗalibi yake da ita ta gyara shi cikin lokaci?

IELTS ta fara a 1989, kuma British Council da kamfanin ilimi na Ostareliya IDP da Cambridge ne suke tafiyar da ita tare. Ana ba da maki daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi, a ɓangarori huɗu, sannan a fitar da matsakaicinsu. Sauraro yana ɗaukar kimanin minti 30 da tambayoyi 40, kuma sau ɗaya kawai ake kunna muryar. Karatu awa guda ne, nassoshi uku masu tsawo da tambayoyi 40. Rubutu ma awa guda ne, kuma ayyuka biyu ne: na farko a bayyana jadawali ko zane cikin kalmomi 150 aƙalla, na biyu a rubuta muƙala ta kalmomi 250 aƙalla, wadda nauyinta a maki ya ninka na farkon. Wannan rubutun shi ne mafi kusa da abin da ɗalibi zai tarar a zangon farko na jami'a, don haka lokacin da aka ɓata wajen shirya masa ba ya tafiya a banza. Yawancin kwasa-kwasan digiri na farko suna neman 6.0 ko 6.5, yayin da Jami'ar Cambridge takan nemi 7.5 tare da 7.0 a kowane ɓangare.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɓangaren magana. Ɗalibi yana zama da mai jarrabawa, mutum kamarsa, na tsawon minti 11 zuwa 14, su fara da tambayoyi a kan rayuwarsa, a ba shi batu ya yi tunani na minti ɗaya ya yi jawabi har na minti biyu, sannan su tattauna. Yaro ɗan shekara 17 ko 18 wanda bai taɓa zama irin wannan jarrabawa ba yakan sarƙe a farko, kuma idan bai ji tambaya ba yana iya roƙon a maimaita masa, abin da na'ura mai ƙirga daƙiƙa ba za ta yi masa ba. Akwai kuma damar da ake kira One Skill Retake, wadda take ba wanda ya zauna jarrabawar a kwamfuta ikon sake ɓangare ɗaya kawai cikin kwana 60. Da wannan dama tana nan a lokacin ƙanwata, da ba ta rasa shekara ba. Sai dai a tabbatar jami'ar tana karɓar sakamakon da aka gyara ta wannan hanya, domin ba dukansu ne suke karɓa ba. Wanda yake ganin an zalunce shi a maki yana iya neman a sake duba masa takarda cikin mako shida, ta hanyar cibiyar da ya zauna.

Kuskure biyu ake yawan yi wajen rajista. IELTS iri biyu ce, Academic da General Training, kuma ta farkon ce jami'a take nema, ta biyun an fi amfani da ita wajen ƙaura da neman aiki. Sannan mai zuwa Birtaniya don shekarar share fage, wadda matsayinta bai kai digiri ba, yakan buƙaci nau'in da hukumar biza ta amince da shi, wato IELTS for UKVI, wanda tambayoyinsa iri ɗaya ne amma a cibiyoyi na musamman ake zama.

TOEFL iBT ta ETS, wata ƙungiyar shirya jarrabawa ta Amurka, jarrabawa ce mai daraja, tarihinta ya faro daga 1964, kuma mai neman jami'a a Amurka ba zai yi asara da ita ba. An daɗe ana ba da makinta daga 0 zuwa 120, an rage tsawonta zuwa ƙasa da awa biyu a 2023, sannan a farkon 2026 aka shigo da sabon ma'auni na 1 zuwa 6, don haka mai shiri ya kula kada ya sayi tsohon littafi. Matsalata da ita ita ce magana cikin makirufo a ɗakin da wasu ma suke magana. PTE Academic tana da saurin fitar da sakamako, yawanci cikin kwana biyu, amma na'ura ce ginshiƙin ba da makinta, kuma ban gamsu da hakan ga yaron da lafazinsa bai saba da kunnen na'ura ba. Duolingo awa guda ce a gida, jami'o'i da dama sun buɗe mata ƙofa tun 2020, amma ba ta cikin jarrabawoyin da hukumar bizar Birtaniya ta amince da su, kuma katsewar intanet ko motsin wani a ɗaki na iya lalata zaman. C1 Advanced takardarta ba ta da ranar ƙarewa, sai dai jami'o'i da yawa sukan sa nasu wa'adin.

Duk wadda ɗalibi ya zaɓa, haɗarin da ya fi faɗuwa girma shi ne 'yan damfara, kuma sun fi farautar masu fitowa daga sakandare da iyayensu, domin sun san akwai gaggawa kuma akwai tsoro. Bayan abin da ya sami ƙanwata, wani ya tuntuɓe mu yana cewa yana da mutum a ciki wanda zai mayar da 5.5 ta zama 6.5 cikin kwana uku, har ya aiko da hotunan takardun da ya ce ya yi wa wasu. Irin waɗannan sun cika Facebook da WhatsApp da Telegram, suna tallan takardar shaida ba tare da zama jarrabawa ba, ko tambayoyin da suka ce sun fita kafin ranar, ko wanda zai zauna a madadin ɗalibi. Duk ƙarya ce, kuma dalilin a bayyane yake: jami'a ba ta dogara da takardar da aka miƙa mata, tana shigar da lambar sakamakon ne a rumbun masu jarrabawar ta ga makin gaskiya da hoton da aka ɗauki ɗalibin ranar zama. Takardar jabu, komai kyan bugunta, ba ta cikin wannan rumbu. Wasu daga cikinsu ma sukan ƙirƙiri shafin tantancewa na bogi mai kama da na gaske, su nuna wa iyaye sunan ɗansu da makin da suka saya, a biya sauran kuɗi, daga nan lambar waya ta daina shiga. Wanda ya ba su hoton fasfonsa kuwa ya ƙara wa kansa wata damuwar, domin da shi za a iya yi masa barazana ko a damfari wani da sunansa.

Hukuncin wanda aka kama ba ƙarami ba ne. Ana soke sakamako, ana iya hana shi sake zama na wani lokaci, jami'a tana janye gurbi ko da ya fara karatu, kuma a Birtaniya gabatar da takardar ƙarya a neman biza na iya jawo hana shiga ƙasar har shekara goma. A 2014 shirin Panorama na BBC ya fallasa maguɗi a wasu cibiyoyin TOEIC, wata jarrabawar Turanci ta ETS, a Birtaniya, gwamnati ta soke bizar dubban ɗalibai, kuma da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru a kotu suna ƙoƙarin nuna cewa su ba su yi maguɗin ba. Wannan ya sa nake nacewa a kan ingancin cibiyar kanta, wato ɗalibi ya yi rajista da kansa daga shafin masu jarrabawar, da adireshin imel ɗinsa, da fasfon da zai shiga ɗakin da shi, kada ya bar dillali ya riƙe masa kalmar sirri. Dillalin da ya ce zai cike komai shi ne yakan yi wa yaro rajistar General Training, ko ya rubuta suna saɓanin na fasfo, kuma a ranar jarrabawa ba a shigar da wanda sunansa bai dace da takardarsa ba.

Saura batun lokaci. Sakamakon IELTS da TOEFL da PTE da Duolingo shekara biyu ake karɓarsa, kuma wasu jami'o'in suna ƙirga shekara biyun ne zuwa ranar fara karatu, don haka wanda ya zauna tun yana tsakiyar sakandare yana iya tarar da takardarsa ta tsufa. Shawarar da nake bayarwa ita ce a zauna IELTS Academic a kwamfuta kimanin wata huɗu kafin wa'adin miƙa takardu, domin sakamako yana fitowa cikin 'yan kwanaki, kuma idan rubutu ya gaza da rabin maki, kwana 60 na sake ɓangaren suna nan kafin wa'adin ya cika.