Hattara da "Barista" mai baƙar kwat da ke farautar 'yan Nijar a Agege

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na 'yan uwanmu 'yan Nijar ne mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, masu gadi da masu shayi da 'yan ga-ruwa da 'yan acaba. Wanda ya iya karatu don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba.

Akwai wani mutum da ke yawo da baƙar kwat da jakar takardu, ana ce masa Barista. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, har ya kan jefa Faransanci don a saki jiki da shi. Ba lauya ba ne. Na san haka ne saboda abin da ya yi wa maƙwabcina, wani dattijo mutumin Tawa da ya shekara fiye da 20 yana sayar da shayi a unguwarmu.

An yi samame da daddare aka kwashe samari, har da ɗan wannan dattijo. Gari bai gama wayewa ba sai ga Barista a bakin teburin shayi. Yadda aka yi ya ji labari da wuri haka, ni dai ina zargin yana da 'yan kamasho a cikinmu, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ya zauna ya gaisa cikin ladabi, ya ce, "Baba, ka san ƙasarku ta fita daga ECOWAS. Yaronka yanzu baƙon haure ne. In ba mu yi sauri ba gidan yarin Kirikiri za a kai shi, daga can a tasa ƙeyarsa zuwa iyaka, kai ma a biyo ka." Baba ya ce, "To ɗana, yaya za a yi?" Ya ce a kawo naira 150,000 na beli. Bayan kwana biyu ya dawo ya karɓi 80,000, wai zai yi wa iyalin duka katin zama. Kuɗin adashi ne da Baba ya tara don aikawa gida kafin damina. Abin da Barista ya kawo wasu katuna ne da aka buga a shagon kwamfuta aka naɗe da leda. Daga ranar wayarsa a kashe take.

Ƙaryar tasa ta ci ne don ya gauraya ta da gaskiya. Tabbas Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairu 2025. Amma a lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan waɗannan ƙasashe masu tambarin ECOWAS, kuma za su ci gaba da shiga da zama ba tare da biza ba har sai an fitar da wani sabon tsari. Wannan ɓangaren ne Barista ya ɓoye. Katin zama kuwa hukumar shige da fice ce kaɗai ke bayarwa, mutum ya je da kansa da takardunsa na gaskiya. Duk wanda ya kawo maka kati a rumfar shayi, ko ya ce zai samo maka takardar shaidar ƙaramar hukuma ka zama ɗan Katsina ko ɗan Sakkwato, rami yake haƙa maka. Ranar da aka gane jabu ce, kai za a riƙe, shi yana can.

Batun beli ma haka ne. Rundunar 'yan sanda da kanta take cewa beli kyauta ne. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, kuma a Legas ina ne babu kotu kusa? Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma damar a samo masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Dokar ba ta ce sai ɗan Najeriya ba, cewa ta yi kowane mutum.

In wani ya ce maka shi lauya ne, kada kwat ta ruɗe ka, kwat a gwanjo ma ana samu. Lauyan gaskiya sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli kuma yana da lamba. Takardar da ya shirya tana ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai sunansa. Yana da ofis da za ka taka ka je, yana ba da rasit. Ka ce ya rubuta maka cikakken suna da lamba za ka tambaya a reshen NBA na Ikeja. Mai gaskiya zai rubuta. Maƙaryaci zai hau faɗa ya ce ka raina shi.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ma ba a rufe masa ƙofa ba. Gwamnatin Legas tana da ofishin kare marasa galihu da ake kira OPD tun shekarar 2000, gwamnatin tarayya kuma tana da Legal Aid Council tun 1976. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka fara sanar da limamin masallacinku ko fadar Sarkin Hausawan unguwarku ko shugabannin 'yan Nijar, a haɗa ka da mai jin Turanci ko Yarbanci. Tsoron hukuma da kunyar a ji ne suka sa Baba ya yi shiru mako guda, mu da muke shan shayinsa kullum ba mu sani ba.

Da maganar ta fito, limaminmu ya haɗa mu da wata lauya ta gaskiya, yaron ya fito bayan kwana uku. Kuɗin dai ba su dawo ba. Mun kai ƙara, an karɓi lambar asusun da aka tura wa Barista 80,000 ɗin. Jiya wani ɗan acaba ya ce mini ya ga mai irin kamanninsa wajen Oshodi, yana gaya wa waɗanda aka ƙwace wa babura cewa zai fito musu da su in sun ba shi 40,000. Dogo ne, wankan tarwaɗa, da tabo a gefen gira ta hagu.