Yoyon baƙin mai a tsohon babur: me za ka saya, me za ka bari a shago

A Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, da wuya ka ga tsohon babur da ba ya ɗigar da baƙin mai. Zafin Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana busar da roba, ga ƙura, ga lodi tun asuba. Injin babur mai cc 125 ko 150 kuwa mansa bai wuce kimanin lita ɗaya ba, don haka ɗigon da ɗan acaɓa ke rainawa a ƙasan zaure shi ne ke kai shi ga sauke inji.

Kada ka fitar da ko dala sai ka san inda man ke fitowa. Wanke injin da kananzir, bar shi ya bushe, ka barbaɗa masa hoda, sannan ka tayar da shi ya yi zafi. Nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe, domin mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma ta kora shi baya. Duba tiyon numfashin inji ma. Idan laka ta toshe shi, ko an cika mai ya wuce layi, sabon gasket ma, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu na inji don ta tare mai, sai ya yi yoyo.

In daga tsakanin murfi da jikin inji ne, abin da na fi yarda da shi shi ne gasket na kamfani da aka yanka daidai da injinka. Tafi shago da tsohon a hannu, ka ɗora su ka ga kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa. Injin CG125 da na CG150 kamarsu ɗaya a ido, amma faɗin silindar na farko milimita 56.5 ne, na biyu 62, saboda haka gasket ɗin kan inji na ɗaya ba ya zama a ɗayan, komai rantsuwar mai shago. Takardar gasket da bakanike ke yankawa da hannu tana aiki a murfin kuloci in kaurinta ya yi daidai, amma ba a kan inji ba, inda wuta take. Kwalin sukari kuwa mai yake sha ya ruɓe.

Silikon na cikin tub shi ne ya fi jan hankali, ga araha ga sauri, kuma shi na fi tsoro. Ka ga jan layin nan da ke tsattsafowa a gefen murfi bayan an ɗaure noti? Kwatankwacinsa ya tsattsafo ta ciki. In ya gutsure sai ya bi mai ya tsaya a rariyar tace mai, ko ya toshe siririyar hanyar da ke kai mai sama wajen bawul. Mai babur yana murna yoyo ya tsaya, alhali kan inji na gudu a bushe. In dole ne a shafa shi, a goge wurin tas, a shafa kaɗan da ɗan yatsa har ana hango ƙarfen, a kuma ba shi lokacin bushewa da aka rubuta a jikin tub ɗin.

Yoyon da ke fitowa ta sandar giya, ko ta kika, ko bayan ƙaramin haƙorin sarƙa, ba maganar gasket ba ce. Zoben roba ne ya gaji, wanda masu shago ke kira joint spi. A jikinsa akwai lambobi uku: faɗin ciki, faɗin waje da kauri, duk a milimita. Da su ake saye. Zaɓi mai laushi wanda ɗan sifirin ɗinsa na ciki ke nan daram. Kafin a sa shi, ka sa malam bakanike ya girgiza sandar a gabanka. In tana wasa, ko tsohon zoben ya ci mata layi, sabon ba zai daɗe ba, kuma a sandar haƙorin sarƙa, sarƙar da aka ɗaure tamau tana iya jawo wasan.

Ruwan tsayar da yoyo na cikin kwalba roba kawai yake kumburawa, ba ya ɗinke takarda ko tsagaggen ƙarfe. Ga shi kulocin waɗannan babura a cikin man inji yake wanka, abin da ka zuba duk zai sha. Ni dai baƙin mai 20W-50 na babur, mai alamar JASO MA, ya ishe ni.

Notin juye mai kuwa sau da yawa washarsa ko zoben robansa ne ya mutu, kuma shi ne mafi arahar kaya a duk shagon. Sauya shi, kada ka ƙara ɗaurewa da ƙarfi, domin jikin injin alminiyam ne, haƙoransa ba sa jure dogon sifana. In jikin ne ya tsage, gam ɗin Araldite zai kai ka gida, amma wurin mai waldar alminiyam za ka ƙare.