Sharhi: Tagar gilashi mai launi da na ba da aiki aka yi min

Idan za ka ba da aikin gilashi mai ado, ka lura da tambayar farko da mai sana'ar zai yi maka. Wadda ta yi min nawa, kafin maganar launi ko kuɗi, sai da ta tambayi ta wane ɓangare tagar take kallo da kuma lokacin da rana take dukanta. Tagar saman matakala ce, tana fuskantar yamma. Ta zo da kanta da yamma, ta riƙa ɗaga gutsattsarin gilashi a bakin tagar ɗaya bayan ɗaya. Wani shuɗi da na gani a hannunta kamar baƙi, da rana ta ratsa shi sai ya zuba a bango tas. Wani ruwan ɗorawa da ya burge ni a hoto kuwa, hasken ya cinye shi, ya koma fari fat. Tun a nan na yarda da ita.

Na nuna mata hoton masallacin Nasir al-Mulk na birnin Shiraz a Iran, wanda aka kammala a 1888, na ce irin taurarin nan nake so. Ta ce, "Malam, waɗannan katako ne yake riƙe da gilashinsu, naka dalma ce za ta riƙe, dole zanen ya canza." Ta yi min bayanin hanyoyi biyu. Akwai ta naɗe gefen kowane yanki da siririn jan ƙarfe a liƙe, wadda ta shahara da sunan Tiffany tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma ta fi dacewa da ƙananan yankuna irin na murfin fitila. Akwai kuma tsohuwar hanya ta sandunan dalma masu kwarmi gefe biyu, gilashi ya shiga nan ya shiga can. Ita ta zaɓa min, domin tagar babba ce kuma za ta sha zafi da ruwan sama.

Zanen da ta kawo daidai girman tagar yake a kan takarda, kowane yanki da lambarsa. Ta rage lanƙwasar da na nema a tsakiyar tauraron, saboda gilashi karce shi ake yi sannan a karya, kuma karaya ba ta bin lanƙwasa mai zurfi ta ciki. Sai karayar ta bi hanyarta ta tsaga yankin. Sandar ƙarfen da ke hana tagar yin ciki bayan shekaru ma ta ɓoye ta a bayan wani dogon layin dalma, sai wanda aka nuna wa zai gan ta. Wannan dabara ta fi komai burge ni a aikin.

Launin yana cikin jikin gilashin ne tun daga narkarwa, shi ya sa ba ya ɓarewa kamar fenti ko takardar da ake mannawa. Shuɗin daga wani ƙarfe mai suna kobalt yake. Ja da ruwan hoda su ne masu tsada, don wasu da zinariya ake samar da su, wasu da wani sinadari mai suna selenium. Ta faɗa min haka tun kafin in ba da kafin alƙalami, ta bar ni in zaɓi yawan jan da nake so. Na rage shi zuwa tsakiyar taurari kawai, kuma ƙarancinsa ya sa ido yana sauka a kansa nan take.

Na je wurin aikinta ranar da take liƙi. Tagar tana kwance a kan tebur, ƙusoshi sun tokare gefenta, tana bin mahaɗar dalma da ƙarfe mai zafi tana ɗiga narkakken haɗin kuza da dalma, kowane ɗigo ya kwanta sumul. Bayan nan ta cusa wani baƙin kwaɓi mai ƙamshin mai a ƙarƙashin dalmar da buroshi, ta barbaɗa farin gari ta goge. Kwaɓin nan shi ke hana gilashi karkarwa da yoyon ruwa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci. Aikin ya wuce ranar da muka yi alkawari da nisa, kuma ni ne mai bin ta da waya. Daga baya na ji dalili: wani koren yanki ne ya tsage, irin gilashin kuma ya ƙare a wurin mai sayarwa. Uzuri ne mai ƙarfi, amma saƙo ɗaya ya isa ya kwantar min da hankali. Koren da ta samu a madadinsa ya ɗan fi sauran duhu, ina ganinsa duk lokacin da na hau matakalar, ko da yake baƙi ba sa lura. Maganar hatsarin dalma ma sai da na tambaya ta yi: a wanke hannu bayan an taɓa, kada a bar yara su kai baki. Wannan ya kamata ta faɗa wa kowa tun ranar farko.

Wajen kafawa ta tsaya a kan kafinta har ya gama. Ta sa aka saka gilashi mai tauri ta waje don kariya, da ɗan tazara da ƙofofin iska sama da ƙasa, don kada zafi da gumi su taru a tsakani su lalata dalmar. Ta hana ni amfani da ruwan goge gilashi mai amoniya. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa kawai. Zan sake ba ta aiki, har na fara auna ƙaramar tagar ɗakin karatu, sai dai wannan karon ranar kawowa da wanda zai kafa duk za su shiga takarda.