Kafin ka sayi fata: zaɓen kayan ɗinka jaket ɗin 'yan babur a gida

Jaket ɗin 'yan babur, mai karkataccen zif da faffaɗar kwala da ake danne ta da maɓallai, ba sabon yayi ba ne. Irving Schott ne ya fito da shi a birnin New York a 1928, ya sa masa suna Perfecto. Karkatar zif ɗin da dalilinta: gaban rigar yana hawa kan juna, ƙirji ya samu ninki biyu da zai tare iska, in mahayi ya sunkuya kuma ƙarfen ba ya tokare shi. Wannan ninkin shi ne kyan rigar, shi ne kuma wahalarta, don akwai wuraren da fata huɗu ko biyar za su taru a ƙarƙashin allura ɗaya. Saboda haka ka fara duba keken ɗinkinka kafin ka doshi kasuwa, shi zai faɗa maka abin da za ka saya.

Keken ƙafa irin Butterfly ya fi ƙarfin yadda ake raina shi. Yana ɗinka fata mai laushi ninki biyu ko uku, in ka zo wuri mai kauri sai ka riƙa juya shi da hannu a hankali. Ƙananan kekunan lantarki masu kayan roba a ciki su ne nake tsoro, nan da nan sai su fara tsallake ɗinki. Babban keken teloli irin Juki yana da ƙarfi da gudu, amma ta ƙasa kawai yake jan kaya, fatar sama sai ta manne ta ƙi tafiya, ka ƙare ɗinki gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Maganin wannan ƙafar keke ce ta Teflon, wato roba mai santsi, ko mai 'yan tayoyi, kuma ba ta da tsada. Wanda aka yi domin fata shi ne keken masu ɗinkin jaka da kujerun mota, mai jan sama da ƙasa tare. Kada ka saye shi don riga ɗaya. Ka haɗa abin da kekenka zai iya, ka kai musu su bi maka ɗinkin sama na kwala da bakin riga.

To, da me za a ɗinka? Mu a nan fata ba baƙuwa ba ce. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ga kuma kamfanonin jima a Sharaɗa da Challawa a Kano. Sai dai ba kowace fata ke yin riga ba. Wadda aka jeme da bagaruwa ta dace da jaka da takalmi, amma tana da tauri, ruwa kuma yana bar mata tabo. Ta riga ita ce jimar kamfani mai laushi, kaurinta tsakanin milimita 0.6 da 0.9. Ta tunkiya ta fi laushi, ta akuya ta fi juriya, ni kuma ta akuya nake zaɓa don ba ta saurin yagewa a ramin allura. Ta saniya da ta wuce milimita 1 ka ƙyale ta in dai keken gida ne gare ka.

A wurin saye kada kunya ta hana ka taɓawa. Damƙe fatar a hannu ka sake ta, mai kyau za ta warware. Goga mata farin ƙyalle mai laima ka ga ko rini yana zuba. Ɗaga ta ga hasken rana, nan za ka ga inda wuƙar fiɗa ta ci ta sirance, da ƙananan ramukan da ba a gani a kan tebur. Ka kuma sayi dukkan fatun a lokaci ɗaya, don baƙi ma yana da kala-kala, in ka dawo ciko da wuya ka samu irin na farko.

Lissafin yawanta yana rikita mutane, don yadi da awo ake sayar da shi, fatar kamfani kuwa da ƙafa murabba'i. Yadi ɗaya mai faɗin inci 54 daidai yake da ƙafa 13.5. In takardar yanka, wato zanen sassan riga da ake bi a yanka, ta ce yadi biyu da rabi, ka tashi da kusan 34, ka ƙara kashi 20 cikin ɗari saboda gefuna da tabo, ya zama wajen 40. Fatun akuya shida zuwa takwas ke nan. Yankin ciki da na hammata suna miƙewa, sai a bar su don ƙarƙashin kwala da wuraren da ba a gani.

Leda kuwa, wato fatar roba, da arha, da awo ake samunta, babu asarar gefe. Aibinta zafinmu ne: ba ta shaƙar iska, kuma bayan 'yan shekaru sai ta fara ɓarewa a wuya da gwiwar hannu, babu gyara. In ita za ka saya, nemi mai laushi mai yadi a bayanta, ka guji ta kujeru.

Wanda bai taɓa ɗinka irin wannan riga ba, ni jins mai kauri ko kaki nake ba shi shawara. Allura in ta huda fata ramin ya zauna ke nan har abada, jins kuwa ka farke ka sake, ka goge, ka wanke. Ga shi sanyinmu bai wuce watannin hunturu ba, rigar jins za ta fi shan sawa.

Takardar yanka iri uku ce. Akwai bugaggiya ta kamfanoni irin Vogue da McCall's da Simplicity, waɗanda suka riga suka bar santimita 1.5 na ɗinki a gefe. Ta mujallar Burda ba ta barin wannan, kai za ka ƙara, wanda ya manta kuwa riga za ta matse shi. Akwai wadda ake saya ta intanet a buga a takardun A4 a manna. A jikinta akwai ɗan murabba'in gwaji, ka auna shi da tef tun a shagon bugawa, don injin yakan rage girma ba tare da an lura ba. Ta uku ita ce ka sayi tsohon jaket na gwanjo wanda ya zauna maka daidai, ka farke shi, ka kwafi gutsattsarinsa a kan kwali. Wannan ta fi arha, kuma ka ga yadda aka haɗa cikinsa da idonka, sai dai babu bayanin abin da za a fara da wanda zai biyo. Kowacce ka ɗauka, nemi wadda kowane hannu yanki biyu ne, bayan ma a rarrabe, tunda fatar akuya ƙarama ce, dogon yanki ɗaya ba zai fita a cikinta ba. Sannan ka gwada ta da akoko tukuna, ka sa, ka miƙa hannuwa gaba kamar ka riƙe kan babur. In bayan ya ɗaure, a nan za a gyara.

Zif sai bayan wannan gwajin, lokacin da ka san ainihin tsawon. A nan ne ba na son a yi rowa, domin sake zif a jikin fata aiki ne mai ɓata riga. Na gaba ya zama na ƙarfe mai rabuwa, lamba 5 ko 8, na hannuwa da aljihu kuma lamba 5, duk launinsu ɗaya. Zif ɗin kamfanin YKK ya yi suna, jabunsa ma ya yi yawa, don haka ka ja shi sama da ƙasa sau da dama a gaban mai shago. In ya yi tsawo ana cire haƙoran da filaya daga sama.

Allurar fata bakinta yanka yake yi, lamba 100 ko 110 ta isa, amma kada a sa wa leda, zai yanke yadin bayanta. Allurar jins ce tata. Zare ya zama na foliyesta ko nailan, na auduga yana ruɓewa a jikin fata. Buɗe tazarar ɗinki zuwa milimita 3 ko 4, in ta yi kusa-kusa fatar za ta yage ta bin ramukan. Fil ba ya aiki a nan, sai 'yan matsai irin na takarda, guduma da gam kuma su ne madadin dutsen guga wajen kwantar da ɗinki. Shafi mai santsi ya fi a hannuwa, na auduga a jiki saboda gumi.

Ga masu hawan babur da gaske, musamman 'yan acaba da masu doguwar tafiya: rigar da aka ɗinka da wannan siririyar fata iska da ƙura za ta tare. Wadda ake yi don kare jiki in an faɗi, fatar saniya ce mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, da makari a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, kuma ita keken gida ba ya ɗinka ta.