Jika goma a biron lauya saboda matar da na tayar daga kabari

Na fi shekara ina rubuta ci gaban wani fim mai dogon zango na Indiya, irin waɗanda ake fassarawa da Hausa. Ƙarshen da suka yi masa ne ya ƙona mini rai: an kashe jarumar, an bar mijin yana kuka a bakin kogi. Sai na tayar da ita, na mayar da ita ɗakinta, har tagwaye na ba ta. Da ƙawaye a WhatsApp suka yi yawa, na sa dala ɗari kuɗin shiga, na kuma fara tunanin buga littafi in kai babbar kasuwa. A nan yayana ya ce, "Ke, dabbar wani kike tatsa, je ki tambayi masu doka tukuna."

Na hau kabu-kabu daga Ali Ɗan Sofo zuwa biron wani lauya a cikin garin Maraɗi. An ba ni ƙarfe 9, Metir, wato lauyan, bai dawo daga kotu ba sai 11 ta gota. Wuta ta ɗauke, fanka tsaye cak, ina zaune kan benci tsakanin wani Alhaji mai rigimar fili da wata baiwar Allah mai shari'ar gado. Sakatariya ta karɓi jika goma kafin in ga fuskarsa, ta ba ni rasit. Da ta tambayi matsalata na ce labarin fim ne, sai da ta ɗago ta dube ni sau biyu.

Shi kam bai yi dariya ba, kuma da wannan ya saye ni. Ya karɓi wayata, ya karanta shafi biyu da tabarau a kan hanci, sannan ya ce, "Malama, sunayen nan naki ne?" Na ce a'a, amma duk abin da ya same su ni na ƙirƙiro. Ya ce ƙirƙirar tawa ce, mutanen kuma na masu fim ne, kuma ci gaba ko juya labarin wani sai da izininsa. Na ce ai Indiya nesa take. Ya ce Nijar na cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ta sa aikin baƙo ke samun kariya a nan kamar na ɗan ƙasa, ba tare da ya yi rajista ba, kuma mafi ƙarancin wa'adin shi ne shekara 50 bayan rasuwar marubuci. Ya jawo wani kundi mai ƙura, yarjejeniyar Bangi ta 1977 da ta kafa OAPI, hukumar kare haƙƙin mallaka ta wasu ƙasashen Afirka mai mazauni a Yawunde, ya nuna mini sashen adabi da fasaha.

Na kawo masa abin da nake gani marubutan intanet suna likawa a saman labari, wai "jaruman ba nawa ba ne, don nishaɗi na yi". Ya ce wannan ladabi ne, ba izini ba. Sassaucin da Amurkawa ke jingina da shi yana cikin dokarsu ta 1976, alƙalin Maraɗi ba da ita zai yi hukunci ba. Ko kyauta nake rabawa haƙƙin na nan, sai dai kuɗin da nake karɓa ne ke sa mai abu ya waiwayo. Ya ba ni labarin jikan jikan Victor Hugo, marubucin Faransa, da ya kai ƙarar waɗanda suka buga ci gaban littafin kakansa, babbar kotun Faransa a 2007 ta ƙi hana su, don wa'adin littafin ya daɗe da ƙarewa. Nawa fim ɗin kuwa masu shi na raye, suna cin kasuwarsu.

Inda ya gaza: bai san Wattpad ba, shafin intanet da marubuta ke ɗora labarai, ni na buɗe masa ya gani. Da na tambaya ko za a iya sauke labarina idan aka kai koke, sai ya ce in karanta sharuɗɗan shafin, abin da zan iya yi a gida ba tare da jika goma ba. Bai rubuta mini komai ba, a bayan rasit na yi ta kwafar maganarsa. Waya kuma ta katse mu sau uku cikin minti 40.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗin ba. Ya ce doka ba ta kare tunani zalla: kishiya, auren dole, matar da aka ɗauka ta mutu ta dawo, duk na kowa ne. In sauya sunaye, gari, dangi da tarihinsu, sauyi na gaske ba na fenti ba, in kuma na gama in kai BNDA, hukumar haƙƙin mallaka da ke Yamai, don in sami shaidar ranar da na ajiye aikina. Mai shirin sayar da irin wannan rubutu ya je, amma ya tafi da tambayoyinsa a rubuce da gorar ruwa.

Jarumar yanzu 'yar Tibiri ce, mijinta na sayar da atamfa. Uku daga cikin masu karatu sun fita, ɗaya ta ce in mayar mata da dala ɗarinta, na mayar.